Dalilin da Ya Sa Ake Rufe Fuskar Gasasshiyar Gurasa da Ƙuli

Dalilin da ya sa gurasa idan an gasa ta take tashi da baƙin tabo kamar an danna mata yatsu, kuma ba a miƙa wa mutum ita gaya sai an yayyafa mata ruwa an rufe fuskarta da ƙuli, shi za ku ji yanzu. Ku gyara zama. Wanda ya san dariya ce ta kawo shi ya tashi tun ban fara ba, kuma kada hannun kowa ya kusanci faifan nan sai na kai aya.

A zamanin da, wuta tana da kunya. Ba ta taɓa abincin mutane, daga nesa take hura masa zafi. Mace za ta manna gurasa a tanderu ta ciro ta fara sol ciki da baya. Idan ta kwana ta yi sanyi, a ɗora ta a kan garwashi ta ɗauki ɗumi, a ɗauke ta fes yadda aka ajiye ta. Haka ake cin ta gaya, ba mai, ba yaji, babu wanda ya taɓa jin ana barbaɗa mata wani abu.

A wani ƙauye da ke bakin fadama, inda ake noman alkama, akwai wata mata mai suna Tasalla. Gurasa ce sana'arta, kuma duk ƙauyen babu mai hannu irin nata. Mijinta ya tafi fatauci ya bar ta da goyo. Zana ɗaya ce ta raba gidanta da na wata tsohuwa, Gwaggo Yalwa, wadda ido ya yi mata rauni, kunnen ma sai an ɗaga murya. Ita kaɗai take zaune, da kaɗin zare take ci.

A lokacin babu ashana. Wuta kiwonta ake yi kamar akuya, a binne ta a toka da yamma, a tono ta da safe. Wadda tata ta mutu sai ta ɗauki fasasshen kasko ta shiga maƙwabta, ta yi sallama, ta gaishe da masu gida, sannan ta ce ta zo ɗiban wuta. Ba a hana wuta. Amma kuma ba a ɗaukar ta sai an tambaya. Yaro ma da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan.

Wata damina aka tsuge da marka irin wadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Rufi ya yi ta yoyo, itace ya jiƙe har ɓargo, ƙyastu ya ƙi kamawa. Wuta ta riƙa mutuwa gida-gida, wannan ta je wa waccan ta tarar ita ma kasko ne a hannunta, har aka wayi gari babu hayaƙi ko ɗaya a ƙauyen. Gurasar da Tasalla ta ajiye ta yi sanyi ta fara warin ruma. Goyonta ya kama tari, ƙafafunsa kamar ƙanƙara.

Da hantsi ta kai wa Gwaggo Yalwa yaron ta riƙe, ta ɗauki kasko ta nufi ƙauyen da ke ƙetare. Ta tarar rafi ya cika ya batse, ba mahaya. Da ta juyo sai ta yanke ta wani kufai, inda mutane suka tashi tun kakanni, don ta rage hanya. A nan ta ji ƙamshin hayaƙi.

Ta bi hancinta har wani ɗaki da ya rage a tsaye. Ƙofa a buɗe. Ta leƙa ta ga murhu, garwashi jajir a tsakanin duwatsu, ba itace a kai amma yana ci. Ƙasan ɗakin a share tas. Ga tabarma a shimfiɗe, ga takalman fata manya an jera su a bakin ƙofa. Kowa ya ga wannan ya san ɗaki da mai shi, kuma bai yi nisa ba.

Tasalla ta buɗe baki za ta yi sallama, sai zuciya ta ce mata, "Wane irin mutum ne zai zauna a kufai? In kika kira ya fito, kin san me za ki gani? In kuma ya ce a'a fa?" Ta rufe bakinta. Ta tsallake takalman nan, ta sa hannun dama ta karkata kasko ta kwashi garwashi, ta lulluɓe da gefen zane, ta fita da gudu ba ta waiwaya ba.

Kada wanda ya ce mini ai don ɗanta ta yi. Sallama ba ta cin lokaci.

Ta isa gida ta zuba a murhu, jiƙaƙƙen itace ya kama nan take kamar an zuba masa mai. Mata suka hango hayaƙi suka yo ca da kasake, kowace ta yi sallama ta ɗiba. Suna tambaya, "Tasalla, ina kika samo?" Ta ce, "Allah ne ya ba ni." Ita da kanta ta zagaya ta hura wa Gwaggo Yalwa tata, ta karɓo ɗanta ta gasa masa jiki.

Sannan ta ɗauko gurasar nan mai sanyi ta ɗora a kan garwashi. Da ta juya ta, sai ta ga abin da ba a taɓa gani ba. Tabo baƙi ƙirin a fuskar gurasa, jere, huɗu a sama ɗaya a gefe, kamar wani ya riƙe ta daga ƙasa. Ta ɗora wata, haka. Ta kife su a kwarya, ta ce wa ranta ruma ce.

Washegari da rana tsaka, ana yayyafi, karnukan ƙauyen suka yi tsit gaba ɗaya. Gidan Tasalla yana kallon zauren mai unguwa, sai ta sa ido a ɓular zana. Ta ga wani dogon mutum ramamme yana tahowa a hankali, da riga mai launin toka da malafa mai faɗi. Ya cusa hannuwansa cikin riga, ba ya bari ruwa ya taɓa su. Duk inda ya taka, taɓo sai ya bushe ya tsage. Ta dubi ƙafarsa. Takalman da ta tsallake ne.

Ya tsaya nesa da ƙofa ya yi sallama da murya mai laushi. Mai unguwa ya fito da sandarsa, suka gaisa, baƙon ya tambayi iyali da gajiya da ruwa, bai bar ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, an shiga ɗakina a kufai ba sallama an ɗebi wutata. Na bi hayaƙinta, nan ya kawo ni."

Mai unguwa ya ce, "Bawan Allah, wuta ai ba a hana ta."

Baƙon ya ce, "Ban taɓa hanawa ba. Tambaya ce ba a yi ba."

"To, me kake so a yi maka?"

"Hannun da ya ɗiba."

Mai unguwa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Baƙon ya matsa ƙarƙashin inuwar zaure inda ruwa ba ya sauka, ya ce, "Ara mini sandarka." Ya zaro hannu ɗaya daga riga ya riƙe ta a tsakiya. Ba wuta, ba hayaƙi, sai kawai inda ya riƙe ya zama gawayi, sanda ta rabu biyu ta faɗi. Wani ɗigon ruwa ya zubo daga indararo ya sauka a bayan hannunsa, ya yi cuu, ya yamutsa fuska ya mai da hannun cikin riga da sauri.

Ya ce, "Ni mutum ne mai ƙa'ida. Ba na shiga gidan matan aure. Ba na karɓar tsegumi, kada wani ya zo ya ce mini wance ce. Shaida nake so. Wutata ta san ni, duk gurasar da ta gasa sai ta sa mata yatsuna. Kowace rana zan tsaya a ƙofar gida ɗaya in roƙi gasasshiyar gurasa da ɗuminta, kamar kowane baƙo. Wadda na ga yatsuna a tata, ita ce tawa. Kuma kamu ɗaya nake yi, ba na maimaitawa. Na kama, na tafi, ba za ku ƙara ganina ba."

Ya juya kansa sannu a hankali ya dubi zanar da Tasalla take bayanta. Idanunsa kamar garwashin da aka tone daga toka. Ya ce, "Gobe zan fara da gidan can."

Tasalla ta zame ta zauna a taɓo. Ta dubi hannunta na dama, wanda take cuɗa ƙulli da shi, take ɗaukar ɗanta da shi, take ci da shi. Ta tashi ta kwarara wa murhu tulun ruwa. Toka ta yi baƙi, ta yi tururi, can sai ga jan ido yana leƙowa daga ƙasa. Wutar ta ƙi mutuwa.

Ba ta gama ba mata suka cika gidan, kowace da gurasarta mai tabo a hannu. Wata mai suna Ladingo, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce, "To uwar masu sa'a, ga abin da Allah ya ba ki! Ashe wutar kufai kika raba mana kamar goron suna?"

Wata ta ce, "Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ki fita ki ce ke ce."

Tasalla ta ce, "Ku yi wa Allah ku rufa mini asiri. Da wane hannu zan yi goyo?"

Ladingo ta ce, "Mu kuma namu na aro ne? In ya tsallake ki ya zo kaina fa?"

Tasalla ta ce, "Ku ba ni zuwa gobe. Gidana zai fara zuwa. In na sami dabara, ta kowa ce. In ban samu ba, ai shi ke nan, kun huta."

Suka fita suna tsaki. Ta zauna gaban murhu da tulin gurasa, ta shiga gwaji. Ta ɗora kasko a wuta ta gasa a kai don kada garwashi ya taɓa, tabon ya fito ta cikin kaskon. Ta soke wata a tsinken kara ta riƙe daga nesa har kafaɗarta ta gaji, gefen da ke kallon wuta ya yi yatsu. Ta zafafa dutse ta janye shi gefe ta ɗora, ya fito. Ta binne wata a toka mai zafi, wannan ma ta fi muni, ciki da baya duk an riƙe ta. Ta kankare tabon da wuƙa, sai ta ga ya nutsa har tsakiya.

Da ta ga ba ta hana shi fitowa, sai ta koma neman abin rufe shi. Ta shafa zuma, tabon ya ƙara sheƙi a ƙarƙashinta kamar ido cikin hawaye. Ta shafa man shanu, ya narke ya shige ya bar fuska a fili. Ta zuba kindirmo, ya zurare ta gefe. Ta rasa abin yi, ta jingina da turmi tana kuka ba sauti don kada yaron ya farka.

A cikin turmin nan akwai ragowar ƙuli-ƙulin da ta daka tun kafin marka. Ta ga launinsa ya yi kusa da na ƙuna. Ta ɗebo ta barbaɗa, tabo ya ɓace. Ranta ya fara dawowa, sai iska ta kaɗo ta ƙofa ta share garin ƙulin tas, yatsun nan suka sake bayyana. Ta duba da kyau. Inda hawayenta ya ɗiga a kan gurasar, a nan kaɗai ƙulin ya tsaya.

Ta jawo kwaryar ruwa ta tsoma hannu ta yayyafa wa gurasar har ta yi laushi, ta zuba ƙuli da kauri, ta hura da bakinta. Ya zauna daram. Ta kwarara man gyaɗa ya ƙara kama shi. Ta sunsuna, ta ji ƙaurin ƙuna yana nan, sai ta yanka albasa ta watsa, ta bi da yaji mai yawa.

Da rana ta yi tsaka washegari ta ji sallama a ƙofa. Zafi ya shigo zauren gidanta kamar an buɗe bakin tanderu. Ta ɗauki faifai, ta tsaya bayan ƙyaure. Ta so ta miƙa da hagu, amma ba a miƙa wa baƙo abu da hagu. Dole ta fitar da hannun nan na dama a gaban idonsa.

Bai karɓa da wuri ba. Ya daɗe yana kallon hannun, har ta ji gashin damtsenta yana nannaɗewa. Ya ce, "Hannu mai kyau. Allah ya bar miki shi."

Ta ce, "Amin," da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Ya karɓi faifan da bakin hannun riga. Ya duba. Ya ce, "Uwar gida, a garin nan lulluɓe abinci kuke yi kamar amarya?"

Ta ce, "Haka muke yi wa baƙo, don girmamawa."

Ya sunkuya ya hura. Ƙulin ya yi ja ya tashi da ƙamshi, amma bai motsa ba. Ya kai hanci, yaji ya shige shi, ya yi atishawa, tartsatsi ya fito ya faɗa taɓo. Ya ce, "Ba tarbiyya ba ce mutum ya tone abincin da aka ba shi da yatsa. Na gode." Ya ajiye faifan a dokin ƙofa, gefensa ya yi baƙi, ya tafi. Tasalla ta ɗauki faifan ta koma ciki.

Kafin la'asar duk matan ƙauyen sun koya. Turame suka yi ta amo, ƙuli-ƙuli ya yi tsada, wadda ba ta da albasa ta ara. Kowace rana baƙon ya tsaya a ƙofa ɗaya, a miƙo masa lulluɓaɓɓiyar gurasa, ya duba, ya hura, ya yi godiya, ya wuce. Ba ya fushi, ba ya gaggawa. Wannan haƙurin nasa shi ya fi komai ban tsoro. Tsakanin rana da rana yana zaune a gindin tsamiyar bakin gari, ganyen da ke saitin kansa duk ya bushe. Yara suka daina fita. Mata suka riƙa kwana da hannun dama a ƙarƙashin ciki. Tasalla kuwa ta rame, ko motsin kaza ta ji sai ta zabura.

Ya zagaye ƙauyen har ya dawo inda ya faro. Gida ɗaya ya rage.

Ran nan da hantsi Ladingo ta leƙo tana murna, ta ce, "Yau dai mu rabu da ƙaya. Saura gidan Gwaggo Yalwa, in ya duba bai gani ba sai ya kama gabansa. Kin dai nuna mata yadda ake yi ko?"

Tasalla ta ce, "Ni? Na zaci ku kuka gaya mata."

"Mu? Ke da kuke zana ɗaya?"

Suka dubi juna. Tsohuwar ba ta fita, ba ta ji, ba ta gani sosai. Kowa ya ɗauka wani ya faɗa mata. Ba ta ma san an yi baƙo a garin ba.

Tasalla ta ce, "Da sauran lokaci, sai rana ta take yake zuwa." Ta ɗora gurasa a garwashi, ta jawo kwaryar ruwa da turmi, don ta haɗa ta miƙa wa tsohuwar ta kan zana. Ta tsoma hannu har gwiwa, ta yayyafa, ta damƙo ƙuli, ya manne mata a jiƙaƙƙen hannu kamar yaɓe. Tana cikin haka ta ji karnuka sun yi tsit.

Ran nan bai jira rana ta take ba.

Sallamarsa ta tashi a ƙofar maƙwabta, ya maimaita da ƙarfi saboda kunnen tsohuwa. Ladingo ta sulale ta bayan gida. Tasalla ta manna ido a zana. Ta ga Gwaggo Yalwa ta ajiye mazari, ta lallaɓa ta je ƙofa, ta ji buƙatar baƙo, ta ce, "Ayya, ɗan nan, ka zo a sa'a, yanzu na ɗora tawa ta karin kumallo. Ai baƙo rahama ne." Ta koma ta laluba murhu ta ɗauko gurasarta ɗaya tilo, ta sa a faifai, gaya, fuskarta a sama, ta kai masa da hannu biyu.

Ya duba. Ya zaro hannunsa daga riga ya jera yatsunsa a saitin tabon, huɗu a sama ɗaya a gefe. Suka zauna daidai kamar an auna. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya iso gida bayan doguwar tafiya.

Ya ce, "Iya, miƙo hannunki na dama."

Tsohuwa ta zaci faifanta zai mayar mata. Ta ce, "Har ka gama? Kai, yunwa ta ci ka." Ta fara ɗago hannu, siriri, da farin alli na kaɗi a yatsu.

A nan zuciyar Tasalla ta sake yi mata magana, irin maganar da ta yi mata a kufai. Ta ce, "Kamu ɗaya yake yi. Ki yi shiru ki ƙirga numfashi kaɗan, ya kama ya tafi har abada. Tsohuwa ce, kwana nawa ya rage mata? Ke kina da goyo." Ta ji daɗin maganar, ba zan ɓoye muku ba. Ta runtse ido. Amma da ido a rufe sai ta ga hannun nan mai alli yana jijjiga ɗanta ranar da ta tafi neman wuta.

Ba ta zagaya ta ƙofa ba. Ta faɗa wa zanar da ƙirji ta keta ta, ta ture tsohuwa gefe, ta tsaya a gabansa ba mayafi.

Ta ce, "Ni ce! Ni na shiga ɗakinka, ni na tsallake takalmanka, ni na hura mata wutar da hannuna. Ba ta san komai ba."

Ya ce, "Na ce ba na karɓar tsegumi."

Ta ce, "Ba tsegumi ba ne, mai laifi ce a gabanka. Tabarmarka tana gabas da murhu, ƙofarka tana kallon kuka. Wa zai sani in ba wanda ya shiga ba?"

Ya ɗago jajayen idanun nan ya dube ta. Ya ce, "Na san ke ce tun ranar farko. Jira nake ki faɗa, ko wata ta biya miki. Kawo."

Ta kau da kai, ta kira sunan Allah, ta miƙa. Ba ta tuna abin da ke jikin hannun ba, shi ma idonsa yana kan fuskarta. Ya damƙe wuyan hannun.

Aka ji cuuu kamar an tsoma jan ƙarfe a randa. Tururi ya turnuƙe su. Tasalla ta ƙwalla ƙara wadda aka ji har bakin rafi, shi ma ya yi wani gurnani ya fizge hannunsa yana yarfewa. Da tururin ya washe, sai ga ɓawon ƙuli ya ƙone ƙurmus yana zuba ƙasa. A ƙarƙashinsa fata ta saluɓe, yatsu biyar sun zauna a naman. Amma hannun yana nan a jikinta. Ta motsa shi, ya motsa.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, wanda ya yi fari kamar garwashin da aka watsa wa ruwa. Ya ce, "Sau biyu ke nan kina cutata."

Tana kuka ta ce, "Wallahi ban shirya ba. Aiki nake yi na fito."

Ya ce, "Na sani. Da shiryawa kika yi, da ruwan bai cece ki ba." Ya mai da hannun cikin riga. "Kamu ɗaya na ce, kuma ban taɓa tashin maganata ba. Wutar ma na bar muku, ta riga ta haihu a kowane gida. Amma kunyar da take ji muku ta ƙare daga yau. Duk gurasar da aka gasa, a kasko ne ko a dutse ko a tanderu, sai na sa mata hannu kafin ku sa. Ku rufe da abin da kuka ga dama. Ku da kuka rufe kun san abin da ke ƙasa."

Ya yi musu sallama cikin ladabi, ya bi hanyar kufai. Bayansa taɓo yana bushewa, har ya shige.

Gwaggo Yalwa ta tashi tana karkaɗe zane, ta ce, "Wai wace marar hankali ce ta fasa mini zana? Kuma ina baƙon, ko ruwa bai sha ba?"



Hannun Tasalla ya daɗe yana jinya. Ya warke da baƙin tabo biyar a wuya, ƙaramin yatsa kuma bai ƙara miƙewa ba har ta mutu. Ba wayonta ne ya cece ta ba, ku ji da kyau. Ta fito da gaskiya ne a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, Allah ya dube ta ya bar mata abin neman abinci, ya kuma bar mata shaida don kada ta manta. Ita ta gyara zanar da hannu ɗaya. Ta koma sana'arta, amma ba ta ƙara zura hannu a tanderu ba sai ta tsoma shi a ruwa, kuma ba ta iya kallon fuskar gasasshiyar gurasa a buɗe. Da ta sauke sai ta yayyafa, ta barbaɗa ƙuli, ta zuba mai, ta watsa albasa da yaji. Masu saye suka ɗanɗana suka ce ta fi ta da daɗi, suka riƙa zaɓe, wannan a ƙara masa yaji, wancan a rage masa mai, ba su san da kuka aka fara haɗa ta ba.

Shi ya sa har yau duk yadda aka gasa gurasa sai ta tashi da tabo, mai yin ta ba ta rabuwa da kwaryar ruwa a gefe, kuma ba a ba mutum ita sai an jiƙa an rufe fuskarta. Wanda bai yarda ba ya share ƙulin tasa da yatsa ya jera hannunsa a kai ya gani.

Yanzu ku je ku wanke hannu. Wanda ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya jira a amsa, sannan ya tambaya. Wanda ya miƙo hannu bai tambaya ba, ni ma kamu ɗaya nake yi.